Ɗigo a Taswira

A ofishinmu na ƙaramar hukuma
akwai taswira a bango, ta tsufa har ta yi ja.
Birni ya cika cikinta da suna,
Kwarbai, Ƙaura, Limancin Kona,
suna hawan juna kamar buhuna a amalanke.
Amma in ka bi Galma da ɗan yatsa, ka yi nisa,
sai takarda ta yi shiru.
Fari fat. Ko zaren hanya babu.

Can aka tura ni ranar Talata
da babur na aro, da fom, da biro biyu.
Kwalta ta ƙare, burji ya ƙare a gonar rake,
saura sawun shanu.
Ɗorawa a nan, kaɗanya can gaba,
tsakanin gida da gida
sai murya ta gaji kafin sallama ta isa.

Gidan Barmo. Rufin kwano huɗu, sauran ciyawa.
Mai unguwa Jatau ya kakkaɓe mini buzu,
ya ce, ga tsamiyar can, ita ce iyaka.
Gabashinta mazaɓa ɗaya, yammacinta wata.
In kakar zaɓe ta zo, kansila biyu ke gaishe mu,
in an zo rabon taki
kowanne ya ce mu na ɗan'uwansa ne.
Ya yi dariya, haƙoransa jawur da goro.

Na ƙirga. Hamsin ba uku.
Na sake, ko na tsallake wani a bayan rumbu.
Hamsin ba uku.

Tsohuwa Tasalla tana ɓarar gyaɗa,
ba ta ɗago ba ta ce, ka sa Ɗantala?
Na ce, ina yake?
Yana facin taya a Kwangila.
Ka sa Ladidi, tana aikatau a Samaru,
ka sa Tanimu mai tura kurar ruwa a Tudun Wada,
cibiyarsu duk a gindin zogalen nan take.
Na ce, Inna, doka ta ce wanda ya kwana a nan.
Ta hure ɓawo daga tafinta.
Ta ce, to ai kullum a nan suke kwana,
ta dafa ƙirji.

A jakata akwai wata takarda,
ta neman rijiyar burtsatse.
Akwai gurbin da za a cike da yawan jama'a,
na kuma san yadda manya ke karanta gurbin:
in ya yi kaɗan, a jefa a ƙasan durowa.
Na ga ruwan da suka ba ni a moɗa,
launinsa kamar kunun kanwa.
Biro ya tsaya a sama.
Sifiri ɗaya ne, ɗan zagaye, bai kai ƙwayar gero ba.
Ban rubuta ba.
Har yau ban san ko gaskiya ce ta riƙe hannuna
ko tsoron mai binciken takardu.

Da la'asar hadari ya haɗo daga gabas,
rafi ya cika, ya hana ni komawa.
Na kwana a zaure, kusa da garma da igiyar shanu.
Da dare na fita.
Can nesa hasken Zariya ya tokare sama,
nan kuwa tocila uku ke yawo,
sai kwaɗi, waɗanda ba wanda ya aiko a ƙirga.

Alhamis na koma ofis da taɓo har gwiwa.
Da kowa ya fita sallah
na hau kujera, na nemi farin wurin,
na ɗiga biro, sau ɗaya.

Bayan sati shugaban sashe ya tsaya gaban taswira
yana gyara tabarau.
Ya kira masinja:
Gambo, kawo tsumma,
ƙuda ya yi mana kashi a nan.